Numfashi Amanar Allah: Yadda Yake Rayar da Jiki, Ya Ɗauki Magana da Zikiri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam daga yumɓu, Ya busa masa rai, Ya koya masa bayani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya, musamman Sidi Abdulƙadir Jilani da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara musu yarda.

Bayan haka, duk wanda ya saba zama a halƙar zikiri a zawiyoyin Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela da ƙauyukansu, ya san wani abu da ke yawan faruwa. Za a ga dattijo ɗan shekara saba'in ya ja hailala tun bayan isha'i har dare ya raba, muryarsa ba ta dushe ba, bai ko yi haki ba. A gefensa kuma ga saurayi mai jini a jika, wanda ke saɓa buhun albasa shi kaɗai, amma kafin a yi nisa kansa ya fara juyawa, yatsunsa sun sage, wani lokaci har ya zube. Sai jama'a su rabu biyu, wasu su ce hali ne ya kama shi, wasu su ce iskoki ne. Ba kasafai ake tunawa da numfashi ba, alhali sau da yawa amsar tana wurinsa.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda Allah Ya tsara numfashi a jikin mutum, da yadda yake zama magana, domin muridi ya yi zikirinsa da sani, ya kuma kiyaye abin da yake yin zikirin da shi. Haɗa zikiri da sanin jiki gado ne a wannan ƙasa. Kakannin Shehu, Toronkawan da suka taso daga Futa Toro ƙarƙashin Musa Jakollo, a ƙasar Ƙonni suka yada zango, kuma a Maratta kusa da Galmi aka haifi Shehun a shekarar 1754. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin jama'a da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce kan cututtuka da magungunansu.

Matsayin numfashi a wajen malaman tasawwufi

Malaman tasawwufi da numfashi suke auna rayuwa. Imamu Ƙushairi ya sanya shi cikin kalmomin da sufaye ke amfani da su a littafinsa Risala. Imamu Gazali, a babin muraƙaba da muhasaba na littafin Ihya, ya kwatanta kowane numfashi da jauhari wanda in ya tafi ba shi da madadi. A ɗariƙar Naƙshabandiyya kuwa, ƙa'ida ta farko da ake koya wa almajiri ita ce ya kasance a farke cikin kowane numfashi, kada ya shiga ko ya fita cikin gafala.

Wasu daga cikin malaman sun ambaci cewa mutum yana numfashi sau 24,000 a yini da dare. Likitoci a yau sun ƙidaya cewa baligi mai lafiya, in yana zaune, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Wanda ke yin 16 ko 17 a minti, lissafinsa na yini zai faɗa kusa da adadin da malaman suka ambata. Kowane numfashi yana ɗaukar kimanin rabin lita na iska, wato a yini guda fiye da lita 10,000 ke shiga ƙirjin mutum su fita, kwatankwacin ganga 50 masu cin lita 200. Bai biya ko sisi ba, bai kuma ɗebo da hannunsa ba. Suratul Zariyat ta ja hankalin bayi su dubi ayoyin Allah a cikin kawunansu, kuma wannan na daga cikin mafi kusa.

Hanyar da iska ke bi

Ƙofar farko ita ce hanci. A cikinsa akwai gashi da ke tare manyan ƙura, akwai kuma lunguna masu damshi da jijiyoyin jini masu yawa, waɗanda ke ɗumama iska su jiƙa ta kafin ta wuce. Iskar da ta shiga ta baki ba ta samun wannan gyara sosai, shi ya sa wanda ya kwana baki buɗe a hunturu ke tashi da busasshen maƙoshi. Shaƙa ruwa da facewa a alwala, ban da ladan sunna, yana wanke wannan matata sau da yawa a yini.

Daga hanci iska na gangarawa maƙoshi, inda hanyarta ke haɗuwa da ta abinci. A nan Allah Ya sanya wani ɗan murfi na guringuntsi wanda ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiya. In mutum ya haɗa magana ko dariya da cin abinci, murfin bai gama rufewa ba loma ta bi ta hanyar da ba tata ba, sai ya ƙware. Hadisin da ya nuna Annabi (S.A.W) yana shan ruwa a numfashi uku, da wanda ya hana yin numfashi a cikin ƙwarya, sun dace da wannan tsari: a sha, a janye ƙwarya daga baki, a numfasa, sannan a koma.

Ƙasa da murfin akwai maƙwallato, wato akwatin murya, wanda gabansa ke turowa a wuyan maza ana ce masa zakaran wuya. Daga nan sai maƙogwaro, bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, wanda aka ƙarfafa da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 don kada ya lanƙwashe. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga irinsa. A cikin ƙirji bututun ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama mai ɓangare uku, ɗaya ya nufi na hagu mai ɓangare biyu, wanda ya ɗan tsuke don ya bar wa zuciya wuri. Kowane reshe ya ci gaba da rabuwa biyu-biyu har fiye da sau ashirin, kamar bishiyar da aka kifa, saiwa a sama rassa a ƙasa.

Bangon waɗannan bututu yana lulluɓe da majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai ƴan gasu ƙanana da ido ba ya gani, masu kaɗawa dare da rana suna turo majinar sama tare da ƙurar da ta kama. Kakin da mutum ke fitarwa da safe sharar da suka kwana suna yi ce.

A ƙarshen rassan akwai ƴan buhunan iska, miliyan 300 zuwa 500, kowanne kewaye da siraran jijiyoyin jini. Tantanin da ke tsakanin iska da jini bai kai kaurin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma da za a shimfiɗa buhunan gaba ɗaya da sun rufe fili mai faɗin murabba'in mita 70 ko kusa da haka, wato sun fi daɓen zaure babba. A nan ake musaya. Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda ake fitarwa kuma tana da kimanin kashi 16. Abin da ya ragu ya shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini sun ɗauke shi zuwa kowace gaɓa, inda ake ƙona abinci da shi a sami ƙarfi. Hayaƙin wannan ƙuna shi ne iskar kabon, wadda jini ke dawo da ita huhu a fitar.

Wanda ya fara bayyana cewa jini na barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu ya gauraya da iska kafin ya koma ɓangaren hagu, malami ne Musulmi, Ibnul Nafis, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira ya rasu a 1288. Kafin shi likitoci sun bi ra'ayin Jalinus na cewa jinin yana ratsa wasu ƙofofi ne a bangon da ya raba zuciya.

Zugazugin ƙirji

Huhu ba ya jawo iska da kansa, domin ba shi da tsokar yin haka. Aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙeri, wanda sai hannu ya buɗa fatar iska ke shiga. Hannun a nan shi ne wani faffaɗan faifan tsoka da ya raba ƙirji da ciki, wanda za a iya kira shamakin ƙirji. In yana hutawa a tanƙware yake sama kamar kifaffiyar ƙwarya. In ya ɗame sai ya sauko, ƙirji ya ƙara faɗi, iska ta kwararo ciki. A numfashin zaune saukarsa ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu, amma a dogon numfashi takan kai kusan goma. Shaƙuwa ba komai ba ce illa fizgar da wannan tsoka ke yi ba zato. Haƙarƙari guda 12 na kowane gefe, da tsokokin da ke tsakaninsu, suna taimakawa wajen buɗa ƙirji gaba da gefe. Fitar iska kuwa a lokacin hutu ba ta buƙatar wahala, tsokoki ne ke saki, huhu ya koma yadda yake.

Daga nan za a gane bambancin dattijo da saurayin da aka ambata. Dattijon yana zaune a miƙe, in ya ja iska cikinsa ne ke tasowa, kafaɗunsa ba su motsi, wato shamakin ƙirjinsa ne ke aiki. Saurayin kuwa ya ranƙwafa, yana ɗaga kafaɗa yana jan iska da tsokokin wuya, waɗanda aka tanada don lokacin gudu ko tsoro, kuma ba su daɗewa suke gajiya. Cika ciki da tuwo ko fura dab da shiga halƙa shi ma yana tokare shamakin ya hana shi sauka. Ga ɗaya daga cikin hikimomin da ke cikin horon da shehunai ke yi na rage ci.

Wa ke riƙe da linzami

Mutum yana barci, yana mantuwa, yana suma, amma numfashinsa bai tsaya ba. Dalili shi ne a gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wata cibiya da ke aika umarni ga shamakin ƙirji ta jijiyar da ta fito daga ƙashin wuya, ba tare da ta nemi izinin mai jikin ba. Abin da wannan cibiya ta fi sa wa ido shi ne yawan iskar kabon a jini. In ta taru sai ta ƙara saurin numfashi, in ta ragu sai ta sassauta. Matsuwar da mai riƙe numfashi ke ji, taruwar kabon ce ke kawo ta tun kafin oksijin ya ƙare. In kuwa iska ta yanke gaba ɗaya, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa.

Numfashi ya bambanta da bugun zuciya ta fuska ɗaya. Zuciya ba ta karɓar umarnin mai ita, amma numfashi an ba bawa ɗan iko a kansa: yana iya jinkirta shi, ya tsawaita shi, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan a karɓe linzamin daga hannunsa ko yana so ko ba ya so. Mai neman fahimtar abin da malaman tauhidi ke faɗa game da kasabin bawa a ƙarƙashin ƙudurar Ubangiji, yana da misali a ƙirjinsa. Kuma da wannan ɗan iko da aka ba shi ne yake magana, yake karatu, yake zikiri.

Yadda numfashi ke zama magana

A cikin maƙwallato akwai tantani biyu da ke buɗewa su rufe kamar ƙyauren ƙofa. Lokacin numfashi a buɗe suke. In za a yi magana sai su matso kusa da juna, iskar da ke fitowa daga huhu ta sa su karkarwa, a wajen namiji kimanin sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, a wajen mace kimanin sau 200. Wannan karkarwa ita ce murya. Wanda ya ɗora yatsa a zakaran wuyansa ya ja sautin "z" zai ji ta, in ya koma "s" sai ta ɗauke. Daga nan harshe da ganɗa da haƙora da leɓɓa da kogon hanci su sassaƙa muryar ta zama haruffa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta risala ta musamman kan sabubban faruwar haruffa, inda ya siffanta guringuntsin maƙwallato da tsokokin harshe.

Tsarin numfashi ma yana canzawa. A zaune, lokacin shaƙa da na fitarwa sun yi kusa da juna. A magana kuwa shaƙa takan zama gajera mai sauri, kamar kashi ɗaya cikin goma na lokacin, sauran tara duk fitarwa ce a hankali. Tsokokin ƙirji ne ke riƙe iskar suna sakinta kaɗan-kaɗan, kamar mai ban ruwa a gonar albasa da ke buɗe bakin fangali gwargwado. Abin da ake kira dogon numfashi a wajen alaramma ko mai bege ya fi dogara ga iya wannan saki fiye da girman ƙirji.

Bahaushe yana da wata baiwa a nan da bai cika lura da ita ba. Kalmar "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala haruffansu ɗaya, abin da ya raba su shi ne hawa da saukar murya, wanda ke zuwa daga ɗamewa da sakin tantanin maƙwallato. Haka kuma bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "bata" da "ɓata". Wajen furta "ƙ" da "ts" maƙwallato ne ke rufewa ya yi sama ya tunkuɗo iskar da ke baki, har mutum na iya furta su yana riƙe da numfashi. Wajen "ɓ" da "ɗ" kuwa ƙasa yake yi. Yaron goye yana koyon wannan duka ba tare da malami ba. Suratul Rum ta lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah.

Numfashi da haruffan hailala

Malaman tajwidi, bisa ra'ayin Ibnul Jazari, sun ƙidaya mafitar haruffa 17, kuma suka fara daga kogon baki da maƙoshi, inda haruffan madda ke gudana ba abin da ya tare su. Sun ba maƙoshi haruffa shida, mafi zurfinsu hamza da ha. Ilimin jiki ya tabbatar da haka: hamza tana faruwa ne in tantanin maƙwallato ya rufe ruf sannan ya buɗe, ha kuwa in ya buɗe iska ta wuce ta tsakaninsa.

Kalmar La'ilaha illallah an gina ta ne da lam da alif da hamza da ha kawai. Babu harafin leɓe a cikinta, shi ya sa bawa ke iya yinta a kasuwar Ƙonni ko a bakin rijiyar lambu ba wanda ya gane. Amma tana da buƙatarta ta iska. Maddar farko doguwa ce, musamman ga waɗanda suka tashi da ruwayar Warshu, inda ake jan irinta har haraka shida. Ha kuma ta fi sauran haruffa cin iska, domin ƙofa a buɗe take lokacin furta ta.

Wanda bai tanadi iska ba yakan faɗa cikin ɗayan kurakurai uku. Ko ya gutsure madda, ko ya haɗiye hamza ta koma ya, ko kuma, wanda ya fi muni, numfashinsa ya yanke bayan korewa kafin ya kai ga tabbatarwa. Malamai sun yi gargaɗi kan tsayawa a wannan wuri da gangan, domin rabin farko shi kaɗai kore abin bauta ne, sai rabi na biyu ya zo ma'ana ke cika. Wanda tari ko ƙarewar numfashi ya tilasta wa tsayawa babu laifi a kansa, sai ya koma ya ɗauko kalmar daga farko. Gyaran yana da sauƙi: a sha iska kafin a fara, a fitar da kalmar cikakkiya a numfashi ɗaya, a numfasa a ƙarshenta. Mai jan halƙa ya auna saurinsa da mafi raunin waɗanda ke zaune.

Zikirin anfasu, jiri da hali

Zikirin anfasu, wanda ake ambaton sunan Allah tare da shiga da fitar numfashi, ya shahara a Ƙadiriyyar ƙasar Hausa ta hannun Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996. Zikiri ne mai tsari, da jagora, da farawa da sassautawa. Matsala tana zuwa ne in saurayi ya ɗauka cewa yawan ƙarfi da sauri shi ne yawan lada.

Ga abin da ke faruwa a jiki. In mutum ya yi ta jan iska da ƙarfi da sauri fiye da buƙatar jikinsa, ba ya ƙara wa jininsa wani oksijin na a zo a gani, domin jinin mai lafiya dama a cike yake. Abin da yake yi shi ne zubar da iskar kabon fiye da kima. In ta ragu sosai, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su tsuke. Daga nan jiri ya zo, gani ya dushe, leɓɓa da yatsu su sage, hannu ya ƙandare, wani ya faɗi. Wannan zai sami kowa, mai zikiri ko mai hura wutar gawayi.

Faɗin haka ba musun hali ba ne. Wajdi gaskiya ne, kuma magabata sun yi bayaninsa, sun kuma bambanta shi da wanda ake ƙaƙalo wa kai. Ma'aunin da suka bayar shi ne abin da ya biyo baya: ƙaruwar tsoron Allah, kiyaye salla a kan lokaci, taushin hali ga iyali da maƙwabta. Jirin da saurin numfashi ya kawo yana wucewa cikin mintoci ya bar mutum da ciwon kai. Haɗarin rikita su biyun shi ne muridi ya riƙa farautar jiri yana zaton maƙami ne, ya raina ɗan'uwansa da ke zaune a natse. Ya kuma tuna cewa gushewar hankali tana warware alwala. Duk abin da ya ji a halƙa, muƙaddaminsa zai kai wa, kada ya yanke wa kansa hukunci.

In wani ya faɗi, a janye shi daga cunkoso, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa wuyan riga, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, don kada ya bi ta hanyar iska. In ya farka a sa shi ya riƙa numfashi a hankali ta hanci. In kuwa yana kukan ciwon ƙirji, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya ƙi farfaɗowa, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai asma, da mace mai ciki, su tsaya ga zikiri mai sauƙi. Mai farfaɗiya ya fi kowa buƙatar kiyayewa, domin saurin numfashi na iya tayar da ita. Annabi (S.A.W) ya umarci sahabbai su sassauta wa kansu lokacin da suka ɗaga murya da kabbara a wata tafiya, ya kuma gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Abubuwan da ke cutar da huhu a wannan yanki

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta lulluɓe Adar da Gobir. Manyan ƙwayoyinta hanci na tarewa, ƙananan kuwa har cikin ƴan buhunan iska suke isa. A wannan lokaci ne tari da haɓo da asma ke ƙaruwa, kuma bushewar hanci da maƙoshi na daga cikin abin da ke buɗa wa sanƙarau ƙofa, cutar da ke bin numfashi daga mutum zuwa mutum har cikin bazara. Amawalin da magabata ke rufe hanci da shi ba ado kaɗai ba ne. Masu aikin siminti a Malbaza, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960, da masu lodinsa, da masu fasa dutse, da masu sussuka da shiƙa, duk suna buƙatar takunkumi mai kyau. Haka masu feshin magani a lambunan Galmi da Tsarnawa da fadamar Maggiya, su rufe hanci, su kuma juya wa iska baya. Masu sayar da fetur a bakin hanya su daina zuƙo shi da baki, domin ɗigo kaɗan in ya faɗa huhu yana ƙona shi.

Na biyu hayaƙi. Taba da shisha suna kashe ƴan gasun nan masu share hanyar iska, sai majina ta taru, tari ya zauna. Hayaƙin itace da kara a rufaffen madafi yana yi wa mata irin wannan lahani, tare da goyon da ke bayansu. Buɗe taga a madafi sadaka ce ga iyali. Turaren wuta ma a zawiya a sa shi gwargwado, a bar ƙofa a buɗe. Uba ya san alamar sanyin haƙarƙari ga yaro: in ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar.

Na uku tarin fuka, kuma shi ya fi shafar halƙa. Ƴan'uwa suna zama gwiwa da gwiwa, suna ɗaga murya, iskar da wannan ya fitar ita wancan ke shaƙa. Ƙwayar cutar tana fita da tari da magana ta daɗe tana yawo a ɗakin da ba iska ba rana. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu, musamman in da zufan dare, da rama, ko jini a kaki, ya je a auna kakinsa. Maganin kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati, ana shansa aƙalla wata shida, kuma yankewa a tsakiya na sa ƙwayar ta ƙi jin magani. Ɓoye shi don kunya cutar da ƴan'uwa ne. Wanda ya zauna a gida da tasbaharsa har likita ya ba shi izinin komawa cikin jama'a, bai bar halƙa ba, ya yi mata hidima. Su kuma ƴan'uwa kada su ƙyamace shi, su riƙa aika masa gaisuwa da abinci.

Abin da muridi zai riƙe

Ya zauna a miƙe, ya bar sarari tsakanin cin abinci da halƙa. Ya shaƙa ta hanci in da hali, ya bar ciki ya taso. Ya cika kalmar tauhidi a numfashi ɗaya. Ya bi saurin jagora, in ya ji jiri ya sassauta ya koma zikirin zuci har ya daidaita. Ya sha ruwa isasshe a hunturu da bazara, kada ya yi gasar murya da lasifika, in dushewar murya ta wuce mako uku ya nemi likita. Ya rufe fuska in zai yi atishawa, kamar yadda aka ruwaito daga Annabi (S.A.W). Masu kula da zawiya su buɗe tagogi, su yayyafa ruwa kafin shara, su fitar da tabarmi rana.

Sannan ko sau ɗaya a yini, bayan asuba ko kafin barci, ya zauna shiru ya saurari iskar nan tana shiga tana fita, ya tuna cewa an ƙidaya ta, kuma akwai wadda za ta fita ba za ta dawo ba.

Allah Ya ba ƴan'uwa lafiyar ƙirji da hasken zuciya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan magabata da shehunai, Ya sa numfashin ƙarshe na kowane muridi ya fita da kalmar shahada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.